Tambaya da Amsa: Haɗin Rage Ƙiba da Gyaran Ciki

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan kwanakin nan sun tattaru ne a kan abu guda, wato haɗe-haɗen gargajiya da ake sayarwa domin rage ƙiba da gyaran ciki. Mun zaɓi biyar daga cikinsu, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, kuma tun bayan haihuwata ta ƙarshe cikina ya ƙi komawa. Wata maƙwabciyata ta kawo mini garin magani a ƙullin leda, ta ce in riƙa dafa cokali ɗaya ina sha da daddare. Cikin mako guda na ragu da kilo biyu a sikeli, amma kullum da asuba sai cikina ya yi ta murɗawa ina ta zagayawa, yanzu har jiri nake ji idan na miƙe tsaye. Ta ce kitsen ne yake fita. Shin in ci gaba?
Uwargida, daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Uwargida. Ki dakatar da shi daga yau, kada ki jira sai ƙullin ya ƙare. Duk da ban ga garin da idona ba, yadda kika siffanta aikinsa, a sha da daddare ciki ya ɓarke da asuba tare da murɗawa, ya yi daidai da aikin sanamaki ko ɗan uwansa filasko, waɗanda su ne ginshiƙin mafi yawan haɗin da ake kira na rage teɓa. Idan kika zuba garin a tafin hannu kika ga ɓarɓashin ƙananan ganyaye masu tsini, kore-kore mai haske, ko gutsattsarin ɓawon 'ya'ya masu faɗi, to da wuya ba shi ba ne. Sinadarin da ke cikin wannan ganye ba ya fara aiki sai ya isa babban hanji, abin da ke ɗaukar kimanin awa 8 zuwa 12, kuma a can ne yake tsokanar bangon hanji ya sa shi matsawa da ƙarfi, ya hana shi tsotse ruwa.

A nan ne maganar maƙwabciyarki ta rushe, ko da yake na tabbata da kyakkyawar niyya ta faɗa miki. Abincin da muke ci, a ƙaramin hanji ne jiki yake tsotse mai da sukari da sauran amfaninsa, tun kafin ragowar ta gangara babban hanji. Kafin sanamaki ya fara aikinsa, tuwon daren jiya ya riga ya shiga jini. Abin da ke fita da asuba ruwa ne da tukar abinci da gishirin jiki, shi ya sa sikeli ya nuna miki ragi, kuma da zarar kin sha ruwa kin ci abinci na kwana biyu ko uku, kilo biyun nan za su dawo. Lissafi ma kaɗai ya isa shaida. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki. Mace baliga tana buƙatar kimanin 2,000 a rana, wato 14,000 a mako, alhali kilo biyu na kitse sun haura 15,000. Ko da ba ki sa komai a bakinki ba tsawon makon, da ƙyar ne ki ƙona kitse mai yawan haka.

Jirin da kike ji shi ya fi damuna. Alama ce ta ƙarancin ruwa a jiki, kuma tare da ruwan ana asarar fotasiyam, wani gishiri da zuciya da tsokoki ke dogara da shi wajen aikinsu. Idan ya yi ƙasa sosai, mutum yakan ji kasala da ɗaurewar jijiyoyin ƙafa, zuciya ta riƙa bugawa ba bisa tsari ba. Ki haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yara masu gudawa, wato lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, da sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, ki riƙa kurɓa a hankali. In kuwa kika ji faɗuwar gaba, ko fitsarinki ya ragu ya yi duhu, ko jirin bai lafa ba zuwa gobe, ki je asibiti, ki tafi da ragowar garin a hannunki. Idan kina shayarwa, wannan ya ƙara zama dole.

Sanamaki ba guba ba ne, magani ne na gaske mai daɗaɗɗen tarihi, har a asibiti ana bayar da ƙwayarsa ga mai fama da bushewar ciki. Sai dai amfaninsa na 'yan kwanaki ne, bai kamata ya wuce mako guda ba tare da shawarar likita ba. Wanda ya mayar da shi abin sha na kullum yakan wayi gari ba ya iya bayan gida sai da shi. Sannan ki sani cewa cikin da ya ƙi komawa bayan haihuwa ba kullum kitse ba ne, domin sau da yawa tsokokin gaban ciki ne suke buɗewa a tsakiya saboda goyon ciki, kuma wannan motsa jiki na musamman yake buƙata, wanda ma'aikatan sashen gashin ƙashi na manyan asibitoci suke koyarwa.

Tambaya: Likita, ni ma'aikacin ofis ne, zama ya yi mini yawa har na yi teɓa. Kullum da safe kafin in karya ina shan ruwan ɗumi da aka dafa da citta da kanumfari da kirfa, in matsa lemon tsami in zuba zuma. Wata uku ke nan, ina jin daɗin cikina, amma teɓar tana nan. Me ya rage in ƙara a haɗin?
Ma'aikaci, daga Kaduna

Amsa: Malam, haɗinka bai rasa komai ba, aikin da ka ɗora masa ne ba nasa ba. Daɗin cikin da kake ji gaskiya ne, kuma mafi yawansa daga citta yake. Tana cikin 'yan tsiran da bincike ya tabbatar da amfaninsu wajen kwantar da tashin zuciya, tana kuma taimaka wa tumbi ya sauke abinci zuwa hanji da wuri, shi ya sa nauyin ciki da yawan gyatsa suke raguwa. Ga shi kuma kana zaune a jihar da ta fi ko'ina noman citta a Najeriya, ta Kachiya da ƙasar Jaba ba ta da na biyu wajen ƙamshi da yaji. Gutsure kamar girman babban yatsa ya wadatar a yini, idan ta yi yawa ita ma tana tayar da ƙwannafi. Kirfar da ta fi yawa a kasuwanninmu, mai kaurin ɓawo, tana da wani sinadari da ke wahalar da hanta idan aka daɗe ana shan ta da yawa, don haka ɗan kaɗan ya isa. Lemon tsami kuma yana cin farin haƙori, sai ka kuskure baki da ruwa bayan ka sha. Ita kuwa zuma, da dukan albarkarta, babban cokali ɗaya yana ɗauke da kalori sama da 60, jiki kuma yana lissafa shi kamar yadda yake lissafa sukari.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da yake narkar da kitse ta yadda za a gani a ido. Hatta khal ɗin da ake ta yayatawa, wato ruwan nan mai tsami da ake kira binega, wani bincike da aka buga a Japan a 2009 ya nuna cewa masu ƙibar da suka sha shi kullum tsawon mako 12 sun ragu da kilo ɗaya zuwa biyu ne kacal, kuma nauyin ya dawo bayan sun daina. Wani abin lura shi ne hulba, wadda a shago ɗaya za ka tarar ana sayar wa wata ita domin ta yi ƙiba, ana kuma sayar wa wani domin ya rame. Abin da aka sani game da ita shi ne tana da yauƙi mai sa a ji ƙoshi, tana kuma ɗan saukar da sukarin jini, wanda ya sa dole mai shan maganin ciwon sukari ya yi hattara da ita.

Inda za ka samu biyan buƙata shi ne abin da ke biyo bayan kofin nan na safe. Ka duba shayin da ake haɗa maka da madara da sukari cokali uku ko huɗu, da burodin da ke raka shi, da lemon kwalbar da ake sha bayan azahar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin giram 50 a rana ga baligi, wato ƙaramin cokali 12, kuma rabin haka ya fi. Kwalba ɗaya ta lemo mai santilita 50 tana iya cinye wannan kason gaba ɗaya. Ka duba man da ke yawo a saman miya da wanda ake kwararawa a shinkafa da wake, domin kowane babban cokali na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne ko kusa da haka. Ka rage malmalar tuwo, ka ƙara miya da ganye, ka matso da abincin dare kusa da magariba. Ka samu tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, ko bayan sallar asuba ko da la'asar sakaliya. Ragin rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne mai ɗorewa, kuma wanda ya rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinsa yakan ga canji a hawan jini da sukarinsa tun kafin mutane su lura ya faɗa.

Akwai wani awo mai sauƙi da nake so ka yi a gida. Ka yanki zare daidai tsawonka daga ƙafa zuwa ka, ka ninka shi biyu, ka zagaya shi a cikinka ɗan sama da cibiya. Idan bakin zaren biyu ba su haɗu ba, kitsen cikin ya wuce kima. Ka rataye zaren a ɗaki ka riƙa gwadawa duk ƙarshen wata. Haɗinka na safe kuma ka ci gaba da sha tunda yana yi maka daɗi, sai dai ka rage zumar.

Tambaya: Ni dattijo ne, shekaruna sun haura sittin. Nakan yi kwana uku ban zagaya ba, ga kumburin ciki. Wane haɗi ne ya dace da ni?
Dattijo, daga Katsina

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Haɗin da ya dace da kai yana cikin tukunyar gidanka: miyar kuka da ta kuɓewa, kwaɗon zogale ko na rama, wake, gwanda, da kunu ko tuwon gero da dawa da ba a surfe su tas ba, domin dusar nan da ake zubar wa dabbobi ita ce take riƙe ruwa a hanji ta tausasa bayan gida. A ƙara waɗannan sannu a hankali, in an yi gaggawa kumburin zai ƙaru. Jiƙon tsamiya kofi ɗaya ba tare da sukari ba yana sassauta ciki a hankali, shayin na'ana'a kuma yana rage iska, sai dai mai ƙwannafi ya guje shi. A yawaita shan ruwa, a riƙa ɗan takawa zuwa masallaci da kasuwa. Amma ina roƙonka abu ɗaya. Idan wannan bushewar cikin sabuwa ce a gare ka, ko kana ganin jini, ko kana ramewa ba dalili, kada a ce basir ne a tsaya jiƙe-jiƙe. A shekarunka wajibi ne likita ya duba hanjin.

Tambaya: Likita, ni direba ne, ina fama da olsa shekara da shekaru. Idan ta tashi nakan jiƙa kanwa in sha, ko in sha madara, sai ta lafa. Kwanan nan na sayi wani haɗi a jarka wurin masu talla a mota, an ce yana maganin olsa da basir da taifot da sanyi, har da rage teɓa. Ina kuma shan ƙwayar ciwon jiki kusan kullum saboda gajiyar tuƙi. Ina neman shawara.
Direba, daga Gusau

Amsa: Malam, jumlarka ta ƙarshe ita ce ta fi muhimmanci a wasiƙar. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su ibufurofen da dikilofenak da asfirin, waɗanda sukan kasance cikin haɗin gajiyar da ake ƙullawa a kemis, suna cikin manyan abubuwa biyu da ke haddasa gyambon ciki, saboda suna raunana majinar da ke kare bangon tumbi daga ruwan tsamin da yake narkar da abinci. Muddin kana shan su kullum, babu jiƙon da zai bari gyambon ya warke. Ka daina su, in ciwon jiki ya matsa maka ka sha farasitamol bisa ƙa'ida.

Abu na biyu wata ƙwayar cuta ce mai suna Helikobakta, wadda take zama a bangon tumbi. Wasu likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su ne suka tabbatar da alaƙarta da gyambon ciki a farkon shekarun 1980, aka kuma ba su kyautar Nobel a 2005 saboda wannan aiki. Ana gano ta da gwajin bayan gida ko na numfashi, maganinta kuma haɗin ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta ne da mai rage tsamin ciki, na kwana 10 zuwa 14. Yana ba ni takaici in ga mutum ya shekara goma yana wahala da abin da ake iya kawar da shi cikin mako biyu.

Kanwa tana kashe kaifin tsamin ciki nan take, shi ya sa kake jin sauƙi, amma ba ta taɓa gyambon, kuma cike take da sinadarin sodiyam mai tayar da hawan jini ya sa jiki ya tara ruwa. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar da ke kama masu jego a yankin da yawan shan kunun kanwa tare da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Madara ma sanyaya ciki take yi na ɗan lokaci, daga baya tsamin ya dawo. Game da jarkar kuwa, cututtukan da aka lissafa maka kowace da sababinta daban, kuma ruwan da ba ka san abin da aka jiƙa a ciki ba, ba ka san yaushe aka jiƙa shi ba, yana kuma yini a cikin zafin mota, bai dace da cikin da ke da rauni ba. Idan ka taɓa ganin bayan gidanka ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, ko ka yi aman jini, wannan zubar jini ce a ciki, a nufi asibiti a wannan sa'ar.

Tambaya: Likita, na ji kuna yawan gargaɗi a kan maganin ƙulli. To, shayin rage ƙiba na kwali mai lambar NAFDAC fa? Ina ganin tunda hukuma ta sa masa lamba ai an tabbatar yana aiki. Kuma shin kuna nufin mu watsar da maganin iyaye da kakanni ne?
Malama, daga Sakkwato

Amsa: Malama, na gode da wannan tambaya, kuma zan fara da ta biyun. Ba na cewa a watsar da shi, ni kaina ina girmama masu maganin da suka gaji sana'ar suka kuma riƙe amanarta. Irin waɗannan za ki same su a Kasuwar Kurmi ta Kano da kasuwannin garuruwa da yawa, saiwoyinsu da sassaƙensu a baje a fili, kowanne da sunansa, ga sabara, ga marke, ga sassaƙen maɗaci, su faɗa miki yawan da za ki jiƙa da ranar da za ki daina, su kuma ce miki wannan mai ciki ba ta sha. Damuwata tana kan garin da aka niƙa aka gauraya aka ɓoye sunan abin da ke ciki, ko a leda yake ko a kwali mai sheƙi.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana bai wa yawancin magungunan gargajiya lamba ce ta wucin gadi mai ƙarewa da harafin L, ta tsawon shekara biyu. Ma'anarta an gwada samfurin da aka kai wa hukumar ba a ga guba a cikinsa ba. Ba shaida ba ce cewa maganin yana yin abin da aka ce yana yi, shi ya sa ake wajabta rubutawa a jikin kwalin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Ki juya kwalin ki duba, za ki ga wannan rubutu da ƙananan haruffa. Sannan akwai masu buga lambar bogi, don haka ganin lamba kaɗai bai isa a saki jiki ba.

Dalilin wannan taka-tsantsan ba ƙarami ba ne. Akwai wata ƙwayar rage ƙiba mai suna sibutiramin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010, bayan an ga tana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma hukumomin magunguna sun sha gano ta a ɓoye cikin shayi da kafso da aka rubuta wa cewa tsiro ne zalla. Wadda ta sha shayin rage ƙiba ta ji bakinta ya bushe, barci ya ƙaurace mata, zuciyarta na dukan uku-uku, sha'awar abinci ta ɗauke gaba ɗaya, to ta yi zargin akwai abin da aka saka. Tsiron kansa ma yana iya yin ɓarna. A farkon shekarun 1990, a wani asibitin rage ƙiba da ke babban birnin Beljiyam, an yi kuskuren musanya wata saiwa ta ƙasar Sin da wata mai kama da ita a cikin haɗin da ake ba mata. Fiye da mata 100 suka samu lalacewar ƙoda, da yawansu sai da aka kai ga wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma daga baya suka kamu da ciwon daji a hanyar fitsari. Wannan labari ya shafe mu kai tsaye, domin tsiron da ya yi wannan ɓarna dangi ɗaya ne da duman dutse, wanda wasu ke kira maɗacin ƙasa, da ake jiƙawa a ƙasar Hausa saboda ciwon ciki, kuma an samu irin sinadarin da ya lalata ƙodar matan a saiwarsa. Ina ba da shawara a daina shan sa kwata-kwata. Hatta koren shayi, wanda shan sa a kofi ba shi da laifi, hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗi a 2018 cewa kafson da aka tattara sinadarinsa da yawa yana iya taɓa hanta.

Saboda haka, kafin ki sayi kowane haɗi, ki nemi a faɗa miki sunan kowane tsiro da ke ciki, da yawan da ake sha, da tsawon kwanakin da ake sha, ki kuma duba sunan mai yin sa da adireshinsa da ranar lalacewarsa. Wanda ya ce sirri ne ba zai faɗa ba, ki bar masa kayansa. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da yara, da mai ciwon ƙoda ko hanta, kada su sha haɗin rage ƙiba kowane iri ne. Mai shan maganin hawan jini ko na sukari ko na tsinka jini kuma ya fara nuna wa likitansa ko masanin magunguna, domin ko zoɓon da muke sha kullum yana ɗan saukar da hawan jini, citta da tafarnuwa masu yawa kuma suna iya ƙara ƙarfin maganin tsinka jini. Idan kin riga kin fara shan wani kika ga idonki ya yi rawaya kamar mai shawara, ko ƙafafunki sun kumbura, ko fitsari ya ragu, ki daina nan take, ki kai kwalin asibiti domin a auna hanta da ƙoda, sannan a sanar da ofishin NAFDAC na jiharku domin a bi sawun sauran kayan da ke kasuwa.